Yadda Na Tona Asirin Hular Alhaji

Aiki biyu nake yi. Da safe ni akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, ina zaune a bayan tebur ina jiran fayil ya zo ko lokacin tashi ya yi, duk wanda ya riga. Da yamma kuma, da ranakun Asabar da Lahadi, ina wankin hula a zauren gidanmu da ke unguwar Fezzan a Maiduguri. A wurin mahaifina na gaji sana'ar, tare da buroshinsa da gumaguman iccen da ake kifa hula a kansu idan an sa mata sitaci.

Mai wankin hula ya san abin da likita ma bai sani ba. Ya san wanda kansa ya fi hularsa girma, da wanda ke zufa tun daga asuba, da wanda ke aron hula ranar ɗaurin aure ya dawo da ita da ƙamshin wani turaren daban. Mutum zai zo maka cikin babbar riga yana taku ɗai-ɗai, ya miƙo hula, kai kuwa kana leƙa cikinta ka gama karanta shi. Amma ba a faɗa. Na yi shekaru ina wannan aiki ban taɓa faɗa ba, sai da waya ta shiga tsakani.

A ofishinmu akwai wata mata 'yar kudancin Borno mai buga takardu, kowa Madam yake ce mata. A Bulumkutu take zaune. Mijinta malamin makaranta ne, ita kuma tana kiwon kaji tana sayar da ƙwai, tana kuma yin kek na biki da na coci. Babu wani sabon abu da zai shigo waya ba ta riga kowa saninsa ba. Wata Talata da oganmu ya tafi taro, ta jawo kujera ta zauna a gaban teburina.

"Malam, kawo wayarka."

"Lafiya dai, Madam?"

"Sabon dandalin sada zumunta aka buɗe. Zan sa ka a ciki."

Na ce mata wanda nake ciki ma ya ishe ni. Kullum da safe sai ƙanin babana ya turo mini hoton fure da wata doguwar addu'a, wai in ban tura wa mutum goma ba kada in zargi kowa. Ga dangin matata da ke ganin duk abin da na rubuta, su kira ta su tambaye ta me nake nufi.

"Shi ya sa," in ji ta. "A wannan, dangi ba su iso ba tukuna."

Wannan maganar ce ta sa na miƙa mata wayar.

Ta yi mini bayani tana latse-latse. Shafi biyu ake ba mutum, ɗaya na kansa, ɗaya na sana'arsa, da wani ɗan maɓalli a sama da ake taɓawa a koma daga wannan zuwa wancan. A na kanka ka yi hira da abokai, a na sana'a ka nuna kayanka. Ita ta ce tun da ta shiga, har daga bayan jami'a ake zuwa sayen ƙwanta. Sai aka zo wurin tambayoyi.

"Matsayinka a kamfanin?"

"Wane kamfani?"

"Na wankin hular mana."

"Madam, zaure ne da bokiti uku."

Ba ta ko ɗago kai ba ta zaɓa mini shugaba kuma wanda ya kafa. Na ce mahaifina ne ya kafa. Ta ce Allah ya ji ƙansa, amma babu wannan a cikin jerin. Ta tambaye ni ma'aikata nawa nake da su, na ce ni kaɗai ne.

"Matarka ba ta dama maka sitaci?"

"Tana damawa."

"Biyu ke nan."

Da aka zo wurin abin da nake sha'awa, ta rubuta karatu da tafiye-tafiye. Tafiyata ta ƙarshe a lokacin Zabarmari ce, na je sayen buhun shinkafa na dawo kafin azahar. Hoto kuma ta ce teburina bai dace da shugaban kamfani ba, don haka muka lallaɓa ofishin oga, na zauna a kujerarsa mai juyawa, na ɗora hannu a kan wani fayil da ya yi wata uku yana jiran sa hannu, ta ɗauke ni. Ta ci gaba da faɗa mini wasu abubuwa game da yadda dandalin ke aiki, amma hankalina yana kan kujerar. Ban taɓa sanin akwai abin zama mai laushi haka a ginin nan ba.

Makon farko shiru. A shafina na kaina mabiyana ba su cika yatsun hannu ba. Akwai Madam, akwai mijinta da ban taɓa gani ba, akwai wani mai sayar da filaye da ke gaishe ni kullum yana kirana mai girma, sai wata Baturiya cikin kakin soja da ta ce ta ga hotona zuciyarta ta kasa natsuwa. Matata ta ga saƙon lokacin da na bar wayar a kan caji. Ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni tun daga kai har silifas ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah. A ce mata ta je a duba mata ido." Washegari ita ma ta sa maƙwabciyarmu ta buɗe mata nata shafin. Dangi sun fara isowa ke nan, kuma daga cikin ɗakina suka fara.

Na rubuta barka da Juma'a, babu wanda ya amsa sai mai filaye. Na rubuta ra'ayina a kan yadda masu keke napep ke juyawa a tsakiyar titi ba tare da sun duba ba, mijin Madam ya sa mini alamar babban yatsa. Na gane cewa duniya ba ta matsu da jin ra'ayina ba, sai na koma shafin sana'a.

Can abin ya ɗan motsa. Nakan jera huluna a kan gumagumai a rana, bangwal da damanga da sauransu, in ɗauki hoto daga nesa in ɗora. Suna kyau a hoto, kamar taron manya da aka cire musu jiki. A mako na uku wani mutum ya sauka daga keke napep a ƙofar zaure, riƙe da waya yana duba hoton yana duba bangon gidanmu. Daga Bulumkutu ya zo da hula biyu. Ya tambaye ni ina ofishin shugaban yake. Na ce shugaban ne a gabansa, da ƙafar wando a naɗe da kumfa har gwiwar hannu. Ya yi dariya, ya bar hulunan, kuma har yau yana kawo mini aiki. Ranar na shiga gida ina jin kaina kamar wanda aka ƙara wa girma a ofis.

Na ba Madam labari, ta ce ai ban fara komai ba.

"Hoto daga nesa ba ya kawo mutane, Malam. Nuna musu kafin da bayan. Ga yadda ta zo da datti, ga yadda ta koma. Ka samo wadda ta fi kowace muni."

Na san wadda ta fi kowace muni. Tana cikin bokiti a zaurena.

Gida uku tsakaninmu da wani dattijo, tsohon darakta da ya yi ritaya, abokin mahaifina ne tun suna samari. Alhaji muke ce masa, matasa kuma Baba Darakta. Kullum bayan la'asar yana majalisar da ke gindin dalbejiya a bakin layi, shi ke yanke hukunci a kan siyasa da ƙwallo da farashin wake. Ya haura saba'in, amma gashin da ke leƙowa ta ƙarƙashin hularsa baƙi ne wuluk, haka ma ɗan gemunsa. Idan aka taɓa maganar sai ya ce gadon gida ne, kakansa ya rasu yana da shekara kusan ɗari babu furfura ko ɗaya. Sa'anninsa masu kai fari fat sai su gyaɗa kai su ce ikon Allah.

Ni kuwa duk wata sai na yi fama da wannan gadon gidan da buroshi. Cikin kowace hularsa akwai baƙin zobe na rini, da zafi ya narkar da shi ya bi zufa ya kama zare. Wadda ke cikin bokitin ita ce ya fi ji da ita, wata bangwal mai ruwan makuba da zare ruwan zinariya, da ya ce wata mata 'yar Bama ce ta yi wata da watanni tana ɗinka masa, kuma ba ta sake yin irinta ba. Da ita yake zuwa Juma'a, da ita yake zuwa ɗaurin aure, da ita ya ɗauki hoton da ke rataye a falonsa.

Na juya cikinta na ɗauki hoto da baƙin zoben. Na wanke ta, na sa sitaci, ta bushe, na goge, na sake ɗauka. Aikin ya yi kyau, wallahi ya yi kyau, har yanzu ba na jin kunyar aikin. Don mutane su ga irin hular da ake amince mini da ita, sai na ƙara hoto na uku, na bayanta, da zanen gaba ɗaya. Na zauna na yi tunanin abin da zan rubuta a ƙasa, na rubuta: "Har rinin gashi muna cirewa. Asirinka a rufe yake a wurinmu." Na karanta sau biyu, na ji daɗin kaina, na ɗora. Safiyar Asabar ce.

Abin da Madam ta faɗa mini ranar da nake juyi a kujerar oga shi ne, duk abin da ka ɗora a shafin sana'a, dandalin yana nuna wa mutanen da ke kusa da kai, don su ne za su zama masu kawo maka aiki. Abin da ita ma ba ta sani ba shi ne rabin unguwarmu sun riga sun shiga, kowa a ɓoye, kowa yana gudun danginsa.

Kafin azahar wayar ta fara rawa a aljihuna. Na share hannu na duba. Mutum na farko ya rubuta, "Wannan ai hular Baba Darakta ce." Na biyu ya ce, "Gadon gida ne." Wata ta ce ashe kakan ma a kanti yake saye. Wani ya tambaya ko ina cire na gemu. Wani tela da ke bakin kasuwa, wanda na san shi da kamun kai, ya jera fuskokin dariya har layi uku. Mai filaye ya rubuta, "Aiki mai kyau, mai girma."

Na tsaya a tsakiyar zaure da waya a hannu, sitaci yana bushewa a yatsuna. Matata ta leƙo daga cikin gida da tata wayar. Ta dube ni, ta girgiza kai ta koma. Ina jin ta tana dariya a madafa tana ƙoƙarin mayar da ita tari.

Na kira Madam in tambaye ta yadda ake gogewa. Sai da ta gama dariyarta, ta kira mijinta ta karanta masa, sannan ta nuna mini inda zan taɓa. Na goge. Ta ce, "Amma ka san an riga an ɗauka, ko?" An ɗauka kuwa. Kafin la'asar hoton ya tsallaka zuwa tsohon dandalin, har ƙanin babana ya turo mini yana tambaya ko na san wannan mai wankin hular marar hankali.

Alhaji bai je majalisa ba ranar. Wurina ya zo. 'Yarsa da ke aure a wata unguwa ce ta kira shi ta faɗa masa. Ya shigo zaure da wata tsohuwar hula da ya ja ta har kunne, bai yi sallama da ƙarfi ba, bai amsa gaisuwar wushe da na yi masa da Kanuri ba. Na durƙusa.

"Ɗan nan, hula na ba ka ka wanke, ko na ba ka ka kai gidan jarida?"

"Ranka ya daɗe, kuskure ne. Ban rubuta suna ba."

"Suna? Hular nan ita ce sunana! Makaho ma ya san ta a garin nan!"

Daga nan Hausa ta ƙare masa ya koma Kanuri, kuma a Kanuri ya fi iya faɗa. Ya tuna mini shi ya riƙe ragon sunana. Ya tuna mini mahaifina ya yi shekara arba'in yana wanke masa hula ko matarsa ba ta taɓa jin komai ba. A nan ne na gane cewa tun zamanin mahaifina ake wannan rinin, kuma na yi ƙoƙari ƙwarai fuskata ba ta nuna na gane ba. Amma maganar ta shige ni. Dattijon nan bai taɓa yi mini komai ba sai alheri. Da ya juya zai ɗauki hulunansa, sai abin ya daina zama abin dariya a wurina. Ya kwashe su duka, har da biyu da ke jiƙe, ya fita ruwan sitaci yana ɗiga a rigarsa.

Kwana uku bai fito ba. A na huɗu matata ta ce in shirya mu je ba da haƙuri. Ni na zauna a falo a ƙasan hoton nan mai hular, ina maimaita tuba, Alhaji yana kallon talabijin da ba a kunna ba. Matata kuma ta shige ciki wurin Hajiya, matar Alhaji. Can sai muka jiyo shewa daga cikin gida, muryoyi biyu. Alhaji ya yi gyaran murya ya ce mata ba su da aikin yi. A hanyar dawowa matata ta nuna mini kwalbar turaren wuta da Hajiya ta ba ta. Wai shekara da shekaru Hajiya tana roƙonsa ya daina rinin, duk rigunan filonta sun lalace, ta ce a gaishe ni da aiki.

Ranar Juma'a ya koma majalisa. Kafin kowa ya buɗe baki ya sanar da cewa ƙaninsa ne ya ari hular ya je biki da ita, shi ya ɓata ta. Kowa a wurin ya san ƙanin. Kansa kamar bayan ƙwarya yake, ko gashi ɗaya babu tun yana saurayi. Sai wani tsoho ya ce, "Aron hula ba shi da kyau." Kowa ya ce haka ne, ba shi da kyau. Aka koma maganar wake.

Na ɗauka sana'ata ta mutu. Wa zai sake ba ni hula bayan wannan? Sai ga mutane sun fara zuwa, waɗanda ban taɓa yi wa aiki ba, kowa da baƙar leda a hammata. Ba sa zuwa lokacin da zaure ke da mutane. Mutum zai tsaya ya tambaye ni lafiyar iyali, ya duba hagu ya duba dama, sannan ya miƙo ledar ya rage murya.

"Ta wani abokina ce. An ce kana cire... abin nan."

"Ina cirewa."

"Ba hoto."

"Ba hoto, ranka ya daɗe."

Ban taɓa sanin yawan masu abokai a Maiduguri ba sai a wannan watan. Akwai shugaban makaranta, akwai ɗan kasuwar da ke da shaguna a jere, akwai wani mai wa'azi da na taɓa ji da kunnena yana faɗa a kan masu gudun tsufa. Sai da na sayi ƙarin bokiti. A shafin sana'a na koma ɗaukar hoto daga nesa, kuma hulunan mahaifina kawai nake jerawa, tun da shi ba zai zo ya yi mini faɗa ba. Shafina na kaina kuwa na bar wa mai filaye.

Alhaji ya kai hulunansa wurin wani mai wanki a can wajen kasuwa. Muna haɗuwa a masallaci, in gaishe shi, ya amsa da hanci. Haka muka yi wata huɗu. Ana saura kwana biyar babbar Sallah, da hantsi, ina tsugune ina cuɗa wata damanga, sai inuwa ta rufe ƙofar zaure. Shi ne, da leda a hannu. Ya zazzage ta a kan tabarma. Mai wankin kasuwa ya zuba wa bangwal ɗin wani magani mai ƙarfi, baƙin zoben yana nan daram, ruwan makubar kuma ya fara kwashewa a gefe guda.

"Za ta gyaru?"

Na juya ta a hannu. "Za ta gyaru, ranka ya daɗe. Ba za ta koma kamar da ba, amma za ta gyaru."

"Kawo wayarka."

Na miƙa masa. Ya sa ta a aljihun rigarsa, ya jawo benci ya zauna, ya ce ba zai tashi ba sai na gama. Na fara aiki yana kallona. Ya gyara mini riƙon buroshi sau biyu, ya ce mahaifina ba haka yake yi ba. Can ya ciro wayar yana jujjuya ta.

"Wannan abin da ka sa ni a ciki," ya ce. "An ce mutane da yawa sun gani."

"Sun gani, Alhaji. Allah ya huci zuciyarka."

"An ce wasu sun yabi hular."

Gaskiya ne, a cikin masu dariyar akwai waɗanda suka tambayi inda aka ɗinka ta. Na faɗa masa. Ya shafa gemu. Sannan ya ce yana da abubuwa da yawa da yake son faɗa wa gwamnati a kan magudanan ruwa, kuma 'yan majalisar gindin dalbejiya ba sa fahimta, rabinsu ma ba sa ji sosai. Ya ciro tasa wayar daga ɗaya aljihun, babba sabuwa da 'yarsa ta saya masa, ya ajiye a kan benci.

"In ka gama ka buɗe mini shafi. Na kaina kawai, ban da na sana'a."

Na wanke hannu na buɗe masa. A wurin matsayi ya ce in rubuta darakta, ban da maganar ritaya. A wurin shekarar haihuwa ya faɗi wata shekara da ta sa ya girme ni da shekara shida kacal, na rubuta ban ɗago kai ba. Da muka zo hoto ya ce a jira hular ta bushe. Muka zauna muna jiranta a rana, yana ba ni labarin magudanan ruwa, har aka kira azahar.